Iskar da ke Kan Fatihu

Ranar da Radiyya ta fara sa ƙafa a gidan su Fatihu, can bakin kogi a Gashua, tsohuwar da ke zaune a gindin darbejiya ta ɗago kai ta ce, "Ga ta nan."

Rana tsaka ce, ko ganye ba ya motsi. Matan gidan suka saki abin da ke hannunsu, amma ba wadda ta dubi baƙuwar. Duk ƙofar baya suka zuba wa ido, wata 'yar ƙofar langa-langa da ke fita kogi. Radiyya ma ta duba. Ba kowa.

"Kada ki damu," in ji wani saurayi daga bayanta. "Kakata ce, Ya Fanna. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, maganar da ta rage mata ke nan. In ruwa take so, ga ta nan. In an taka mata ƙafa, ga ta nan."

"To su kuma me suke kallo?"

"Suna duba ko yau da gaske take."

Ta juya ta gan shi, Fatihu ke nan, dogo, baƙi, rigarsa na ƙanshin hayaƙin banda. Yana murmushi, amma shi ma idonsa sai da ya je ƙofar nan ya dawo.

Ni da nake ba ku labarin nan ba na wurin. Sunana Usaini, kawun Radiyya ne, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa a Nguru, inda babban aikina shi ne jiran jirgi. Mai irin wannan aiki yana da lokacin sauraron labarin mutane, har ya koma ya tambayi inda aka tsallake.

Radiyya ma'aikaciyar jinya ce. An ɗauke ta cikin wani ayarin bincike da ke bin garuruwanmu, suna neman dalilin da ya sa shanyewar ɓarin jiki ke kayar da mutanen da ba su tsufa ba. Gidan su Fatihu kuwa ba sai an yi musu kwatance ba, duk unguwar Gidan Ga-ta-nan ake ce masa. Mahaifin Fatihu ya faɗi yana gyaran koma, bakinsa ya karkace, bai sake tashi ba. Baffansa a cikin kwale-kwale abin ya same shi. Mutane suka ce wata mai ruwa ce, aljanar kogi, kakan kakansu ya yi mata alkawari bai cika ba, shi ya sa take fitowa tana shafa su a ɓari guda. Tsohuwar kuma, in ji su, ita kaɗai ke ganin zuwanta.

Radiyya ta buɗe na'urarta a kan tabarma. Abu ne kamar ƙaramar akwati, da wani ɗan kai da ake dangwala wa wani mai, a ɗora a gefen kan mutum, tsakanin ido da kunne. Daga nan take jiyo gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba wanda ya matso sai Fatihu.

"Da zafi?"

"Da sanyi dai. Kada ka yi motsi."

Da farko shiru. Can sai ƙara ta taso daga akwatin, fuu, fuu, fuu, kamar iskar da ke gaban hadari tana neman hanyar shiga ɗaki. Wata mata ta ja zanenta ta shige ciki. Ya Fanna ta ce, "Ga ta nan."

"Wannan a kaina take?" in ji Fatihu.

"Jininka ne. Na kowa haka yake yi."

"Ashe iska ce da ni ban sani ba."

Ta yi dariya, abin da ba ta yi a bakin aiki. Ya ciro wayarsa ya ce ta bari ya naɗi ƙarar, kansa ne ai. Ta bari. Da ta koma ɓangaren hagu sai sautin ya sauya, ya sirance, ya zama kamar fito. Dariyar ta tsaya. Ta ja shi gefe ta gaya masa jinin na gudu da ƙarfi a wannan ɓangaren, alamar hanyar ta matse, ga kuma hawan jini. Ta ce likitansu zai tura shi Kano a ɗauki hoton kan.

Ya ce to. Irin to ɗin da muke ce wa likita.

Fatihu yana kawo bandar kifi Nguru duk ranar kasuwa. Bayan wannan rana sai kifinsa ya riƙa ɓatan hanya yana biyowa ta ƙofar gidan yayata Zainabu, mahaifiyar Radiyya. Ni na fi kowa amfana da wannan soyayya a farkonta, don tarwaɗar nan gidana take ƙarewa.

Saƙonninsu kuwa ita ta nuna mini da kanta daga baya, kada a ce na leƙa.

"Likitata, barka da hutawa. Yau kaina ya yi tambayarki."

"Ni ba likita ba ce, Mai Banda. Ka je Kano?"

"Kano ba ta gudu. Ke ce nake tsoron ki gudu."

"Ina nan. Ka sha maganin?"

"Na kalle shi, ya kalle ni. Mun fara sabawa."

"Fatihu, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Tun da na girma ba a taɓa riƙe kaina a gidan nan hannu bai yi rawa ba, sai ke."

Wannan ta karanta shi ya fi a ƙirga, ba ta ba da amsa ba sai da ta yi alwala ta dawo. Abin da ta rubuta kuwa, "Hannun ya yi rawa, ba ka lura ba ne."

Wata ranar Juma'a ya turo mata ƙarar nan da ya naɗa, ya rubuta a ƙasa, "Ji abin da iskata ke faɗi in na tuna ki." Radiyya ta kunna, aka kira ta a tsakar gida, ta bar wayar a kan gado tana maimaita kanta.

Yaya Zainabu ta zo wucewa. Ɗaki a rufe, ba kowa ciki, ga wani abu yana numfashi a hankali, fuu, fuu, can ya koma fito. Ta rantse mini ta ji yana kiran sunan 'yarta. Na saurari abin nan daga baya, ban ji suna ba, sai dai ban yarda na saurare shi ni kaɗai ba.

"Radiyya, mene ne wannan a ɗakinki?"

Ita kuma yarinya, hannunta cikin ƙullu, ta amsa da wasan da suka saba. "Au, Mama, iskar kan Fatihu ce."

Kalma ɗaya ce, amma mu Hausawa mun ɗora mata kaya uku. Akwai iskar da ke kaɗa ganye, akwai wadda ke hawa kan mutum, akwai kuma wadda ake danganta 'ya'yan banza da ita. Radiyya ta farko take nufi. Uwarta ta ɗauki ta biyu. Kafin la'asar mahaifinta, Alhaji Abdulhamid mai hatsi, ya haɗa ta biyu da ta uku.

"Mai iska ne ko ɗan iska, duk ba na so," ya ce.

"Baba, jini ne fa. Ƙarar gudun jini ce."

"Na tambaya a kasuwa. Ba ɗan Gidan Ga-ta-nan ba ne? Ina ubansa? Ina baffansa? So kike na kai ki inda za ki yi takaba da jariri a goye?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ke kika ɗora masa ƙarfen nan. Gaya mini tsakaninki da Allah, kin ji wani abu a kansa da babu a na mutane, ko ba ki ji ba?"

A nan abin ya tsaya mata. Ƙarya ba ta iya yi wa ubanta, abin da ta ji kuma amanar mai kai ce, ta yi rantsuwa a kai tun ranar da ta fara aiki. Ta ce, "Baba, ba ni da ikon faɗa."

"Kin faɗa," in ji Alhaji, ya tashi.

Akwai wani Ikrima mai kemis a kusa da kasuwa, ɗan aminin Alhaji, wanda ya daɗe yana gaishe da gidan da turare fiye da kima. Ba mugu ba ne, yaro ne da ya ga ƙofa a buɗe. Ya tare Fatihu a rumfar kifi, ya yi masa magana da taushin murya.

"Ɗan'uwa, kada ka wahalar da kanka. Masu binciken nan dole su bi mutum da fara'a har su gama. Kai ne babban kamunsu a Gashua. Ka taɓa jin ta gaishe ka ba ta tambayi Kano ba?"

Fatihu ya koma ya bi saƙonninsu ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina ga Kano, ga magani. Ya rubuta mata, "Na gode da kulawa, Malama. In binciken ya ƙare a cire sunana." Ta kira bai ɗauka ba. Ta rubuta, "Mai Banda, wa ya gaya maka me?" Shiru. Ta sake rubutawa, "Ka yi fushi da ni yadda kake so, amma ka sha maganin." Wannan kuwa ya ƙara tabbatar masa da maganar Ikrima, ya tura kwalin maganin ƙarƙashin katifa.

Tarwaɗa ta daina zuwa gidana. Radiyya ta rame. Ni kuma na ci gaba da jiran jirgi.

Bayan damina ta ɗauke sai ga Fatihu a tasha da rana, da 'yar leda a hannu. Hular da Radiyya ta saƙa masa ce, yana so in mayar mata. Na sa aka kawo mana shayi, muka zauna a benci muna kallon dogo. Wurin shiru, sai tsofaffin taragu da awaki ke kwana a ƙarƙashinsu.

"Kawu," ya ce, "babana bai kai shekarunka ba. In ta aure ni, aikin jinya za ta koma yi a gida kyauta. Gara ta auri mai kemis."

"Ita ta ce maka haka?"

"Ba sai ta…"

Kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya bi shi da kallo kamar hannun wani ne ya yar. Na dubi fuskarsa, na ga ɓari guda ya sauko, kamar an ja shi da zare. Ya buɗe baki zai yi magana, abin da ya fito shi ne, "Ga… ga…"

Ban san lokacin da na waiwaya ba. Babu kogi a tashar Nguru, amma na waiwaya. Wata 'yar guguwa ta taso daga tsakanin taragun, ta tsallaka dogo, ta mutu a gabanmu.

Radiyya ta sha cika mana kunne a gida: in fuska ta karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shafa komai, a yi asibiti. Ni kuwa mutum ne mai son ya gamsar da kowane ɓangare. Na fara Ayatul Kursiyyu da baki, hannuna yana ɗaga wa mai keke napep. A cikin keken na ƙarasa ta.

Kafin mu isa bakin ya koma daidai, hannun ya dawo. Ya ce mu juya, ya warke. Na ce mai keke ya riga ya ji asibiti. Likitan da ya duba shi ya ce wannan gargaɗi ne, jini ya yanke wa wani sashe na ɗan lokaci ya dawo, babban yana iya biyo baya in aka yi sake.

Radiyya ta shigo da hijabinta a karkace. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gadon.

"Ina maganin?"

"Ƙarƙashin katifa."

"Katifar ta samu sauƙi?"

Ya kau da kai. "An ce aikinki kike yi."

"Mutum nawa na ɗora wa na'urar nan tsakanin Dapchi da Jajimaji? Ka ji na saƙa wa wani hula? Ina tambayar Kano ne don ina son mijin da zai tsufa ya dame ni. Babana ya tambaye ni abin da na ji a kanka, na ƙi faɗa, na rasa yardarsa saboda amanarka. Kai kuma ka ba mai kemis kunnenka."

Ya juyo ya dube ta. Sannan ya ce, "Likitata, a tasha na so in ce wa Kawu wani abu, baki ya ƙi."

"Me?"

"Ga hularta. Amma yanzu na fasa."

Sai a lokacin na san abin da yake nufi da ga, ga. Ban gaya musu na waiwaya ba.

Ya tafi Kano, ni na raka shi. Hoto ya nuna jijiya guda ta matse a hagu. Aka ɗora shi a kan magunguna, aka raba shi da gishiri da kanwa, aka ce ya riƙa awo. Da muka dawo ya sa farar riga ya tafi rumfar Alhaji shi kaɗai, ya durƙusa tsakanin buhunan gero.

"Baba, abin da Radiyya ta ƙi faɗa maka, nawa ne, na zo in faɗa da bakina. Akwai ciwo a kaina. Hanyar jini ce ta matse. Mai yiwuwa shi ya kashe babana, ba wanda ya taɓa auna shi. Ni an auna ni."

Alhaji ya dube shi. "Ƙarar nan fa?"

"Kowa na da ita, Baba."

"Ni ba ni da ita."

Makon da ya biyo baya ayarin binciken ya sauka a Nguru, ana duba duk wanda ya zo. Alhaji ya je don ya ƙaryata, ya ja ni don in zama shaida. Radiyya ta dangwala man ta ɗora a gefen kan ubanta, hannunta kuwa a wannan karon kowa ya ga yana rawa.

Fuu, fuu, fuu.

Alhaji ya ƙame. Ya kai hannu zai taɓa kansa, ya fasa. Ya ce a hankali, "Tun yaushe take ciki?"

"Tun kafin a haife ka, Baba. Ranar da ta tsaya, shi ke nan."

"To ɗora wa kawunki."

Aka ɗora mini. Shiru. Ta matsa gaba, ta matsa baya, ta ƙara mai, ta koma ɗaya gefen. Ko ƙis. Na fara tunanin wasiyya. Sai likitansu ya leƙo ya ce ba komai, akwai mutanen da ƙashin kansu ya yi kaurin da na'ura ba ta iya ratsawa.

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce malaman firamarenmu sun daɗe da gano haka ba tare da na'ura ba. Dariyar ta ragu da aka ɗaura masa abin awo a dantse, aka ga jininsa ya ɗara na Fatihu hawa.

Alhaji ya dubi 'yarsa. "Zai faɗi kamar ubansa?"

"Ban sani ba, Baba. Da magani haɗarin ya ragu sosai. Amma ba zan ce maka ba zai faɗi ba. Kai ma ba zan iya ce maka haka ba."

"Kuma kina so."

"Ina so."

Ya ɗauki hularsa ya kaɗe. "Da kin ce mini ba zai faɗi ba, da na hana. Usaini, ka ce su turo manya. Kuma abin awon nan, a sa shi cikin kayan ɗaki. Guda biyu. Ɗaya nawa."

Ikrima ne ya sayar mana da su, ya kuma yi ragi, a faɗi gaskiya.

An ɗaura aure a Nguru bayan an gama girbi, aka ɗauki amarya zuwa Gashua da sauran rana, don Yaya Zainabu ta ce 'yarta ba za ta shiga gidan bakin kogi da duhu ba, jini ne ko ba jini ba. Fatihu ya turo saƙo muna hanya, amarya ta karanta a ƙarƙashin mayafi.

"Na sha na safe. Iskata lafiya lau. Ki zo ki ji."

"Ka daina kiranta haka, ka ga inda ta kai mu."

"Ta kai mu nan ai, amaryata."

Da muka shiga, Ya Fanna na gindin darbejiyarta, an yi mata lalle a hannun da ke motsi. Guɗa ta tsaya. Matan gidan suka yi cirko-cirko, kowa na jiran kalmar, wasu har sun fara karkata wajen ƙofar baya. Iska ta taso daga kogi, langa-langar ta motsa ta yi ƙara, ta buɗe kaɗan.

Tsohuwar ba ta dubi ƙofar ba. Amarya ta durƙusa a gabanta, tsohuwar ta ɗaga mayafin da 'yan yatsunta, ta daɗe tana kallo. Bakinta ya yi ta kokawa.

"Ta iso," ta ce.

Radiyya ta gaya mini daga baya cewa hakan na faruwa, wani lokaci kalma takan dawo wa mai irin wannan ciwo. Na yarda, ita ce ta yi karatun. Abin da na gani dai, ɗaya daga cikin matan ta taka a hankali ta je ta ja ƙofar bayan ta sa sakata, sannan guɗa ta ɓarke. Mutanen gidan sun ce tun daga ranar tsohuwar ba ta sake cewa ga ta nan ba.

Allah ya sa albarka a wannan aure, ya ba su zuriya mai jin magana da shan magani, ya bar jini yana gudu a hanyarsa har su ga jikoki. Mu kuma da ba a ji komai a kanmu ba, Allah ya sa akwai abin a ciki.